Wutar sassabe da itatuwan gona a Agye, Gazawa da Gidan Rumji

Sassabe shi ne aikin da manomi ke fara shekara da shi: in bazara ta kusa ƙarewa, a sare tohon sabara da kalgo da geza, a tara su da ragowar karan gero, a cinna wuta, toka ta zauna a gona kafin ruwan shuka. An daɗe ana ɗora wa wannan wuta laifin ƙarewar itatuwa a gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji na jihar Maraɗi. Tarihin yankin yana nuna cewa ɓarnar ta zo ne lokacin da gona ta daina hutawa, doka kuma ta raba manomi da itacen da ke cikin gonarsa.

A ƙarni na 19 yaƙe-yaƙe da daular Sakkwato sun tattara jama'a kusa da birane irin su Maraɗi da Tsibirin Gobir, a bakin gulbi, jigawa kuwa ta zama daji. Da hanyoyi suka yi lafiya a farkon ƙarni na 20, mutane suka bazu suna kafa ƙauyuka. Mai sabuwar gona yakan sare ya ƙone, ya noma ƴan shekaru, sannan ya bar ta saura har daji ya rufe ta. Ba kowane itace yake sarewa ba. Gawo yana tsira domin yana zubar da ganye da damina, bai hana gero rana, da rani kuma ƴaƴansa abincin dabbobi ne. Aduwa da magarya da goriba ta Gulbin Kaba duk suna da abin da suke bayarwa. Wutar ma sama-sama take ci, ba ta kashe saiwar sabara da kalgo.

Turawan Faransa sun ga abin daban. Dokar daji ta 1935 ta taƙaita ƙona daji, ta keɓe gandaye, ta kuma hana taɓa wasu itatuwa sai da izini, kuma a 1949 masanin daji André Aubréville ya sa wuta cikin manyan dalilan kwararowar hamada. Nijar mai ƴanci ta gaji wannan ra'ayi a dokarta ta 1974. Manomin da ya bar gawo ya girma a gonarsa ya jawo wa kansa tara ranar da ya sare reshe, don haka dabara ita ce a kashe shi tun yana ƙarami. A daidai lokacin noman gyaɗa da ƙaruwar jama'a suka cinye saura, malaman gona kuma suna koyar da cewa gonar kirki ita ce wadda aka share tas domin garma ta wuce. Wutar da a da take ziyartar fili jefi-jefi ta koma ta kowace shekara a wuri ɗaya. Farin 1973 da na 1984 suka tarar da ƙasa tsirara.

Hujja mafi ƙarfi tana ƙarƙashin ƙasa. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki da ƙungiyar SIM a Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sarewa kowace bazara toho ne na kututturen itatuwa masu rai. Shekaru ana sara ana ƙonawa, saiwar ba ta mutu ba. Abin da aka kira sassaben zamani bai wuce a zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi a bari, a rage sauran, a kare su daga wuta da gatari ba. Ƙauyen Ɗan Saga na Agye ya yi suna da kwamitin tsaron itatuwa wanda ya haɗa har da mata da makiyaya. Binciken Chris Reij da Gray Tappan, da hotunan sama, ya ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 sun farfaɗo a hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, galibi a Maraɗi da Damagaram.

Wani zai ce ai wannan ya tabbatar da laifin wuta, tunda daina ƙonawa ne ya dawo da itatuwa. A yau maganar tana da gaskiya: inda babu saura, kara ya fi amfani a matsayin abincin dabba ko rufin ƙasa daga iskar hunturu, kuma gobarar daji asara ce tsantsa ga makiyayi. Amma hana wuta da tara an yi shi shekaru hamsin itatuwa suna ta raguwa. Wani kuma zai ce damina ce ta gyaru bayan 1990. Ruwa ya taimaka, sai dai ƙauyuka masu samun ruwa iri ɗaya sun bambanta ƙwarai a yawan itatuwa, gwargwadon yadda mutanensu suka tabbata cewa itacen da suka kula da shi nasu ne. Dokar daji ta 2004 da dokar 2020 kan sassaben zamani sun biyo bayan abin da manoma suka riga suka fara.

A Amurka an yi irin wannan kuskure ta wata fuska. Mutanen Anishinaabe na yankin Manyan Tafkuna sun daɗe suna sa ƙaramar wuta a dazukan itacen fayin mai jan ɓawo domin buɗe fili da ƙara ƴaƴan itatuwan da suke ci, kuma tabon wuta a jikin tsofaffin itatuwa a arewacin Minnesota ya nuna yawanta a wuraren da suke zama da hanyoyin kwale-kwalensu. Da hukuma ta hana wutar a farkon ƙarni na 20, dajin ya cushe, sabon fayin ya kasa fitowa. Can yanzu ana neman mayar da wutar hannun masu ita, domin wannan itace yana buƙatar buɗaɗɗiyar ƙasa kafin ya tsiro. A jigawar Agye kuwa ƙasa ta riga ta buɗe fiye da kima, shi ya sa manoman da suka samu ikon yanke shawara suka zaɓi rage ƙonawa, suna barin ganyen sassabe ya ruɓe a gindin gero.