Wace kyamara ta dace da ɗaukar hoton ƙwari da cutar ganye a rumfar shuka?

Idan kana noman tumatir, tattasai ko kokwamba a cikin rumfar leda ko gidan raga, ka san ƙwaro ba ya jiran malamin gona ya iso. Da yawa yanzu hoto suke ɗauka su tura masa ta WhatsApp, ko su saka a manhaja irin Plantix. Matsalar ita ce yawancin hotunan ba sa nuna komai sai kore mai dishi-dishi. Malamin sai ya yi hasashe, kai kuma ka sayi maganin da ba shi ne ba, ka yi asarar kuɗi da kwanaki.

Ka fara duba girman abin da kake nema. Farin ƙuda bai kai milimita 2 ba. Jan gizo-gizon da ke ɓuya a bayan ganye wajen rabin milimita ne. Tsutsar Tuta absoluta, wadda manoman Kano ke kira sharon, wadda ta sa jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir a 2016, ko ta gama girma wajen milimita 8 ce. Ramin da take ci a cikin ganye faffaɗa ne kamar tabo, da baƙin kashinta a ciki. Na tsutsar ƙudan ganye kuwa siriri ne, yana lanƙwasa kamar sawun maciji. Maganinsu ba lallai ya zama ɗaya ba, kuma hoto mai kyau ne zai raba su.

To, me za ka duba wajen saye? Kada yawan megafiksel ya ruɗe ka. Mai shago zai ce maka wannan 50 ce, waccan 108, amma abin da ya dame ka shi ne kusancin da kyamarar za ta iya yi da abu ba tare da hoton ya dushe ba. Gwajin mai sauƙi ne, a shagon ma za ka yi shi. Ka ɗora ƙwayar gero a kan farar takarda, ka matso da wayar a hankali har inda hoton ya fara lalacewa, ka ja baya kaɗan ka ɗauka, sannan ka buɗe hoton da yatsu biyu. In gefen ƙwayar ya fito tsaf, wayar za ta yi maka aiki. In mai shago ya hana ka gwadawa, ka ƙara gaba.

Ƙananan wayoyi da yawa suna zuwa da wani ido na musamman da ake kira makro, sau da yawa mai megafiksel 2 kacal. A ganina wannan ado ne kawai. Yakan matso kusa, amma hoton ba shi da ƙwari, musamman in haske ya yi ƙasa. Gara ka yi amfani da babban idon wayar, ka tsaya kamar taƙi ɗaya daga ganyen, daga baya ka yanke hoton. Abin da ya fi arha kuma ya fi amfani shi ne ɗan gilashin ƙara girma mai maƙali da ake ɗafawa a kan idon waya. Da shi sai ka matso har santimita 2 ko 3. Sai dai fa wurin da ke fitowa sarai siriri ne ƙwarai, motsi kaɗan ya ɓata shi. Ka jingina gwiwar hannu da wani abu, ko ka tsinke ganyen ka shimfiɗa a kan takarda, ka ɗauka sau biyar ka zaɓi ɗaya.

Babbar kyamara irin Canon ko Nikon mai idon makro ta fi kowace waya, ba musu. Amma wannan kayan ƙungiya ne, wadda ke rainon dashe don sayarwa ko ke ajiye tarihin gonakin mambobinta, kuma sai an samu mutum ɗaya da zai koye ta ya riƙe. In za ku saya, ku tabbata an rubuta 1:1 a jikin idon.

Haske ne ke kayar da mutane a cikin rumfa. Leda mai launi da koren raga suna rina ganye, fitilar LED mai ruwan hoda kuma ta fi su ɓarna, don tana ɓoye rawayar da ke nuna ƙarancin taki ko cutar bairos. Ka kashe ta kafin ka ɗauka, ko ka fito da ganyen waje ka tsaya a inuwa. Filashin waya a kusa yana ƙona hoto ya zama fari fat, ka bar shi a kashe. Safiya ta fi, lokacin farin ƙuda bai fara tashi sosai ba. In ka shiga rumfa mai ɗumi da waya mai sanyi, idon zai yi raɓa, sai ka ɗan jira ya bushe. Lokacin hunturu kuma ka goge ƙura da tsumma mai laushi, ba bakin riga mai yashi ba.

Hoto ɗaya ba ya isa. Ka ɗauki shukar gaba ɗayanta, ka ɗauki saman ganye, sannan ka juya bayansa, don can farin ƙuda da gizo-gizo da darɓa suke zama. Ka ajiye tsinken ashana a gefe don a gane girma. Wajen turawa, WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau, saboda haka ka tura shi a matsayin fayil ko ka danna alamar HD. Zai ɗan ƙara cin data. Ka haɗa da saƙon murya ka faɗi irin da ka shuka, kwanakinsa, da maganin da ka fesa na ƙarshe da ranar da ka fesa shi.