Babi na 9 da cin zarafin ɗalibai mata a jami'o'in Amurka

A wannan taƙaitaccen nazari muna son nuna cewa dokar da jami'o'in Amurka ke dogaro da ita wajen magance cin zarafin ɗalibai mata ba ta ambaci cin zarafi ba ko sau ɗaya.

Shugaba Nikson ya sa hannu kan Babi na 9 ranar 23 ga Yuni 1972. Abin da babin ya haramta shi ne wariyar jinsi a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Kotuna ne suka faɗaɗa ma'anarsa. A 1977 wasu ɗalibai mata suka kai jami'ar Yale ƙara; ba su yi nasara ba, amma alƙali ya yarda cewa neman lalata a madadin maki wariya ce. A 1992 Kotun Ƙoli ta amince da biyan diyya, sannan a 1998 ta gindaya sharaɗi: sai in hukumar makaranta ta sani kuma ta kau da kai.

Hanyar bincike kuwa Ma'aikatar Ilimi ce ke tsara ta. Wasiƙarta ta 2011 ta umurci makarantu su bi hujjar da ta fi rinjaye. Aka janye ta a 2017. Ƙa'idojin 2020 suka tilasta zaman sauraro da yi wa shaidu tambayoyi. Na 2024 kuma kotu ta soke su a Janairu 2025.

Ke nan muna ganin haƙƙin mai ƙara da na wanda ake zargi suna sauyawa duk lokacin da mulki ya sauya hannu, saboda majalisa ba ta fayyace su cikin dokar ba.