Daga Midil ta Bauchi Zuwa Jarrabawar WAEC: Yadda Aka Koyar da Zama Ɗan Ƙasa a Makarantunmu

Duk wanda ya yi sakandare a ƙasar nan daga 1976 zuwa yau ya san tsayuwar asambule da safe, a rera taken ƙasa, a karanta alkawarin biyayya ga Nijeriya. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, wannan alkawari da muka hardace tun muna yara gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ce ta wajabta shi. Wato ke nan darasinmu na farko a kan zama ɗan ƙasa ya fito ne daga hannun waɗanda ba mu zaɓa ba. In muka bi tarihi za mu ga haka abin ya yi ta maimaituwa: hukuma takan dage wajen koya wa ɗalibi abin da ƙasa take binsa, amma abin da shi yake bin ƙasa, sai dai ya tsinta a wani wuri.

Lokacin da Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina a 1922, ba 'yan ƙasa masu tambaya ake neman a yaye ba. Malamai ake so, da ma'aikatan En'e masu ladabi. Amma ilimi ba ya tsayawa inda aka ɗaure shi. Daga cikin waɗanda wannan kwaleji ta horar, bayan ta koma Kaduna, akwai Malam Aminu Kano, wanda aka tura koyarwa Midil ta Bauchi a 1942, inda ya tarar da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. A garin kuma ga Malam Sa'adu Zungur. Malam Aminu ya riƙa shirya wa ɗalibansa wasannin kwaikwayo masu zolayar zalunci da camfi, su kuwa manya suka riƙa haɗuwa a wani zauren tattaunawa da hukuma ta amince da shi da farko. Da muhawara ta kai ga tambayar yadda ake yanke albashin sarakuna, sai zauren ya gamu da fushin hukuma, aka rufe shi.

Mun daɗe a kan Bauchi ne don a ganinmu nan aka koyar da dimokuraɗiyya yadda ya kamata, alhali babu ita a manhaja, babu jarrabawarta. Yaron da ya fito a matsayin talaka a wasa, ya tsaya gaban mai sarauta ya faɗi hujjarsa, ya koyi abin da hadda ba ta koyarwa. Mu lura kuma, Malam Aminu da Malam Sa'adu duk marubuta ne, ɗaya da wasan kwaikwayo, ɗaya da waƙa irin su “Arewa Jumhuriya ko Mulukiya”, kuma da Hausa suka yi wa jama'a magana.

Su kansu haƙƙoƙin ɗan Adam sun shiga dokar ƙasa ne ta shawarar Kwamitin Willink na 1958, wanda aka kafa don duba tsoron da ƙananan ƙabilu suke yi, aka kuma sa su cikin tsarin mulkin 1960. Duk da haka matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen 1959 ba, duk da irin ɗauri da duka da su Hajiya Gambo Sawaba suka sha a kan wannan. Sai a 1976 aka ba su dama, tsarin mulkin 1979 ya tabbatar. Mai karatu ya kwatanta malamin da zai tsaya gaban 'yan mata a wancan zamani yana bayanin zaɓe.

Bayan taron manhaja na ƙasa da aka yi a Legas a 1969, da manufar ilimi ta 1977, sai aka cusa waɗannan batutuwa cikin darasin nazarin zamantakewa, wanda ɗalibai suke kira Soshiyal. Sojoji kuwa ba su bar wa malamai filin ba. A 1984 gwamnatin Buhari da Idiagbon ta kawo Yaƙi da Rashin Ɗa'a, aka koyi bin layi da bulala. A 1987 Janar Babangida ya kafa hukumar MAMSER a ƙarƙashin Jerry Gana, don wayar da kan jama'a game da mulkin farar hula, sa'an nan gwamnatin nan tasa ta soke zaɓen 12 ga Yuni 1993. Ta Janar Abacha kuma ta kafa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam a 1995, shekarar da ta rataye Ken Saro-Wiwa, tsohon shugaban Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya. Yara ba makafi ba ne. Abin da suka gani a waje ya fi abin da aka rubuta musu a allo tasiri.

Da mulkin farar hula ya dawo, an ware darasin zama ɗan ƙasa ya tsaya da ƙafarsa a manhajar 2007, aka wajabta shi a babbar sakandare daga 2011, har aka fara jarrabawarsa a WAEC a 2014. Wannan ci gaba ne, ba mu musa ba. Sai dai a daidai wannan tsakani ne aka cire darasin tarihi daga ƙananan azuzuwa na tsawon shekaru, ya zamana ana koya wa yaro ma'anar dimokuraɗiyya amma bai san NEPU ba, bai san abin da ya sa aka kafa ta a 1950 ba. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhaja da ta haɗe tarihi da wannan darasi wuri guda a babbar sakandare.

Saura batun harshe, wanda shi ya fi shafar mu masu riƙe da alƙalami. Da Turanci ake wannan darasi, da Turanci ake jarrabawarsa, ɗalibi ya jero haƙƙoƙin da ke babi na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ci maki, amma ya kasa yi wa mahaifinsa bayanin ko ɗaya ranar da aka kama ƙanensa a kasuwa. Alhali sashe na 35 ya tanadi cewa duk wanda aka kama, tilas a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24, kuma da harshen da yake ji. In akwai kotu da ba ta wuce nisan kilomita 40 ba, a kai shi gabanta cikin kwana ɗaya. Wannan kaɗai ya isa wasan kwaikwayo mai fitowa uku, na ɗan sanda da ɗan kasuwa da ɗaliba 'yar aji biyar, wanda za a iya nunawa a farfajiyar kowace makaranta ba tare da an sayi komai ba sai aron hula da kulki.