Wasan Da Ya Sa Tom Hanks "Hauka"

Mai karatu, idan ka taɓa ganin yadda jama'a ke tsanar ɗan wasa a titi saboda ya fito a mugu cikin fim, to ka san tambayar da za mu bi tarihinta yau: shin mutum yana iya shiga rigar wani har ya manta da kansa?

A 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wasan Dungeons & Dragons. Kwafi 1,000 aka fara bugawa. Babu allo, babu kwamfuta. Abokai ne ke zama a tebur, kowa ya ƙirƙiri jaruminsa, ya raɗa masa suna da hali. Mutum ɗaya ke jan labarin kamar mai tatsuniya, sauran kuma su faɗi abin da jarumansu za su yi, sai a jefa ɗan lido a ga ko an dace. Ka ga a nan ba wanda zai ce "jarumin ya buɗe ƙofa". Cewa ake "na buɗe ƙofa". Wannan "na" ɗin ita ce ta tada ƙura.

A watan Agusta 1979 wani ɗalibi ɗan shekara 16 ya ɓace daga Jami'ar Jihar Michigan. Mai binciken da iyayensa suka ɗauka ya yi zargin ko yaron ya shige ramukan ƙarƙashin makarantar ne yana wasan. Jaridu suka yi caa. Daga baya aka gano damuwa ce ta kore shi, ba wasa ba, amma ina, magana zarar bunu ce. Rona Jaffe ta rubuta littafin Mazes and Monsters a 1981, aka mayar da shi fim ɗin talabijin a 1982. A nan Tom Hanks ya fara fitowa a matsayin babban jarumi: ɗalibin da ya zauce, ya yarda shi ne mutumin da yake kwaikwaya. Fim ɗin bai yi wani armashi ba, sai dai ya dasa tsoro a zukatan iyaye.

Amsa mafi kyau daga kwamfuta ta zo. A 1985 Richard Garriott ya fitar da Ultima IV. Tun farko wata mai duba ce za ta yi maka tambayoyi: gaskiya za ka zaɓa ko tausayi? Babu wani babban bos da za ka kashe a ƙarshe. Aikinka shi ne cika kyawawan halaye 8, irin su adalci da tawali'u. Ka cuci makauniyar da ke sayar maka da kaya, wasan ya rubuta maka. Garriott ya kira jarumin Avatar, kalmar Sanskrit mai nufin saukowa cikin wani jiki. Wato kai ne da kanka a ciki, kuma kai za a tuhuma.

To ka ga bambancin? Fim ɗin Hanks ya ce rigar ce ke haɗiye mutum. Garriott kuwa ya ce rigar tona asirin mai ita take yi. Ni dai da na biyun na tsaya. Duk ranar da ka riƙe abin buga gem, aka ba ka zaɓin ka taimaki wani ko ka wawashe shi, babu darakta, babu mai kallo, lura da hannunka. Hali zanen dutse ne.