Daga Burmi Zuwa Barikin Giwa: A Nuna Hoton Ko A Ɓoye?

Yau na ɗan jingine labarin soyayyar da muka saba, domin akwai wata gardama da aka tafka a majalisarmu ta Gwaram a shekarar 2014 wadda har yanzu take cin raina, wato shin daidai ne a riƙa fito da hotunan azabar da ake gana wa waɗanda soja ke tsare da su lokacin yaƙi, ko kuwa rufe su ya fi zama alheri?

Maganar ta girme mu. A ranar 27 ga Yuli, 1903 sojojin Ingila suka ci garin Burmi, kusa da Bajoga ta Jihar Gombe a yau, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya kwanta dama tare da ɗaruruwan mabiyansa. Masana tarihi sun rubuta cewa an sare kansa, aka ɗauki hoto, aka yi ta yawo da hoton a ƙasar Arewa, saboda talakawa sun yi ta barin gonakinsu suna bin sa hijira, Turawa kuwa na son kowa ya tabbatar ya mutu. Na san Attahiru a fagen fama ya faɗi, ba a kurkuku ba, to amma abin lura shi ne mai bindiga ne da kansa ya yaɗa hoton, don ya karya zukatan jama'a.

Bayan shekara ɗari sai ga akasin haka a Iraƙi. A kurkukun Abu Ghraib da ke wajen Bagadaza sojojin Amurka sun riƙa tuɓe fursunoni tsirara, su ɗora su kan juna, su tsorata su da karnuka, suna ɗaukar hoto suna murmushi. Ƙungiyar Red Cross ta riga ta kai kuka a rubuce, ba a ga wani motsi ba. Wani ƙaramin soja, Joseph Darby, ya miƙa faifan hotunan ga masu bincike a Janairun 2004, gidan talabijin na CBS ya nuna su ranar 28 ga Afrilu, nan take duniya ta ɗauka. An hukunta sojoji 11. An yanke wa Charles Graner ɗaurin shekara 10, Lynndie England shekara 3, manyan kuwa ba wanda ya kwana a gidan yari. A watan Mayun 2009 Shugaba Obama, wanda da farko ya amince a saki sauran hotunan, ya janye maganarsa, ya ce fito da su zai jefa sojojinsa cikin haɗari. Sai a Fabrairun 2016 aka saki guda 198 kacal. Kuma tsoron nasa ba na banza ba ne, domin waɗanda suka yanka Ba'amurke Nick Berg a Mayun 2004 sun ce ramuwar Abu Ghraib suke yi.

To mu dawo gida, inda abin ya fi ciwo. A ƙarshen Yulin 2009 soja suka kama Muhammad Yusuf da ransa a Maiduguri, suka miƙa shi ga 'yan sanda, bayan wasu sa'o'i sai ga gawarsa. An ce wai ƙoƙarin gudu ya yi. Bidiyon da aka ɗauka ana yi masa tambayoyi ba riga a jikinsa shi ya ƙaryata zancen. A Fabrairun 2010 kuma Aljazeera ta nuna yadda aka kwantar da mutane rub da ciki aka harbe su, har da masu dogara sanda. Duk wanda ya riƙe waya a lokacin ya tuna yadda ake tura waɗannan hotuna ta bulutut, a tasha, a shagon caji, har yara ƙanana na kallo. Wannan bidiyo ya taimaka aka gurfanar da 'yan sanda biyar a Abuja a 2011, ko da yake kotu ta sallame su a 2015. Shi ɗin dai kuma 'yan Boko Haram suka mayar kayan wa'azinsu, suna yaudarar samari da shi. Abu guda, ya yi magani ya kuma yi dafi.

Sai maganar Barikin Giwa. Ranar 14 ga Maris, 2014 'yan ƙungiyar suka fasa barikin suka saki tsararru, kuma ƙungiyar Amnesty ta ce aƙalla mutum 640 daga cikin waɗanda aka sake kamawa an kashe su a wannan rana ba shari'a. A watan Agusta ta fito da bidiyon da ke nuna masu kayan soja da 'yan kato da gora suna yanka mutane ɗaya bayan ɗaya a bakin rami.

A nan ne gardamarmu ta tashi, domin a watan Afrilun wannan shekara 'yan bindiga sun shigo Gwaram da dare, suka afka wa ofishin 'yan sanda da kotu da banki, suka kashe 'yan sanda bakwai. Wani dattijo a majalisar ya ce shi bai ga dalilin da za a tona asirin masu kare mu ba alhali jinin namu bai bushe ba, kuma wa ya nuna wa duniya marayun da aka bari? Wallahi na kasa ba shi amsa a ranar, kunyarsa nake ji, don ya fi ni sanin zafin abin.

Amsar ta zo mini daga baya. A Yunin 2015 Amnesty ta ce fiye da mutum 7,000 sun mutu a hannun soja tun daga Maris 2011, saboda yunwa da ƙishirwa da cunkoso da azaba. Mafi yawansu ba a taɓa kai su gaban alƙali ba, ke nan babu wanda ya tantance mai laifi da ɗan kasuwar da aka kwashe a unguwa. Da ba don hotunan nan ba, da cewa za a yi ƙarya ce kawai, kamar yadda aka saba, matan da ke zarya a ƙofar bariki suna neman mazajensu kuwa a ce da su sun zautu. Kuma ku dubi abin da ya sami rubutattun bayanai: a 2017 kwamitin soja ya wanke manyan hafsoshin da aka ambata, Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Osinbajo ya kafa kwamitin Mai Shari'a Biobele Georgewill, aka miƙa rahoto a 2018, aka yi ta shekaru jama'a ba su ga ko shafi ɗaya ba.

Saboda haka ra'ayina a fito da su, amma da sharaɗi. Addininmu ya hana wulaƙanta gawa ko ta abokin gaba ce, ya kuma umarce mu da suturta tsiraici. Kada uwa ta fara ganin yankan ɗanta a wayar yaron maƙwabta. A rufe fuskar wanda aka zalunta da al'aurarsa, a bar fuskar mai wuƙa da lambar kakinsa a fili, cikakken hoton kuwa a kai shi gaban alƙali da iyalan mamacin. Mu marubuta ma da laifinmu, mun cika kasuwa da labarin kishiya da sarakuwa, wannan kuwa mun kau da kai.

A Disambar 2020 mai gabatar da ƙara ta Kotun Duniya da ke Hague, Fatou Bensouda, ta ce akwai dalilin yarda cewa Boko Haram da jami'an tsaron Nijeriya duka sun aikata laifukan yaƙi. Na je gaya wa dattijon nan labari, na tarar Allah Ya yi masa rasuwa. Allah Ya jiƙansa da rahama.