Shayin Ganye, Ƙiba da Ƙoda: Abin da Tarihi Ya Koyar

Tun kaka da kakanni manoman Kazaure, Roni, Gwiwa da Ɓaɓura suke shuka yakuwa a gefen gonakin gero da dawa. Ganyenta na miya ne, gurguzunta na daddawa, jan soborodonta kuwa na sha. A yau Jigawa tana sahun gaba wajen noman zoɓo, har ana kai shi Meksiko. Sai dai magabata sun ɗauki ƙiba a matsayin alamar wadata, saboda haka shan ganye don a rame sabon al'amari ne a ƙasar Hausa.

Su ma likitoci ba su daɗe da gane dangantakar ƙiba da ƙoda ba. A 1974 ne aka wallafa rahoto a Amurka kan wasu masu matsananciyar ƙiba su huɗu da sinadarin furotin ke zuba a fitsarinsu. Daga baya masana a Jami'ar Kolombiya suka ga cewa irin wannan ciwo ya ninka sau goma a cikin samfuran ƙodar da suka duba tsakanin 1986 da 2000. Idan jiki ya yi nauyi, ƙananan matatun ƙoda sukan yi aiki fiye da kima, su kumbura, su yi tabo. Kitse kuma yana ƙara wasu sinadarai masu cin ƙwayoyin jiki kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe, yanayin da masanin Jamus Helmut Sies ya fayyace a 1985.

A nan ne zoɓo ya ja hankalin masu bincike, domin sinadarin da ke ba shi jan launi yana rage wannan tsatsa. A 2010 Jami'ar Tufts ta Amurka ta wallafa gwajin da ta yi da mutum 65: waɗanda suka sha kofi uku kullum har mako shida, lambar sama ta hawan jininsu ta sauka da kimanin maki 7. Wannan labari ne mai daɗi, tun da hawan jini babban abokin gabar ƙoda ne. Amma yawancin shaidar da ke nuna cewa zoɓo na kare ƙodar mai ƙiba daga gwajin ɓeraye ta fito.

Tarihin shan ganye don a rame yana da babi mai ɗaci. A farkon shekarun 1990, wani asibitin rage ƙiba a birnin Brussels na Beljiyam ya bai wa mata haɗin ganyen ƙasar Sin, ashe an yi kuskuren saka saiwar tsiron Aristolochia. Mata fiye da ɗari ƙodarsu ta lalace, da yawa suka koma wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma suka kamu da sankarar mafitsara da hanyar fitsari. Dangin wannan tsiro suna nan a dazukanmu. Madacin ƙasa, wanda wasu ke kira duman dutse, ɗaya ne daga ciki.

Saboda haka, mai karatu, ka bambanta zoɓon da ka san gonarsa da ƙullin "shayin rage tumbi" da ake talla a kasuwa ko a waya ba tare da an faɗi abin da ke ciki ba. Ka sha zoɓonka da citta da kanumfari, ka rage sukari, don sukarin da ake zubawa shi ke ƙara ƙibar da ake gudu. Mai ciwon ƙoda, mai juna biyu da mai shan maganin hawan jini su nemi shawarar likita kafin su mayar da shi abin shan kullum. Wanda ke da ƙiba, ciwon sukari ko hawan jini kuwa, ya je asibiti a auna masa jini da fitsari aƙalla sau ɗaya a shekara, domin ƙoda takan daɗe tana lalacewa kafin mai ita ya ji ciwo.