Amanar Masu Jinya a Tarihin Binciken Cututtuka a Arewacin Gana

Tun zamanin da fataken Hausa suke bin hanyar Gwanja, suna yada zango a Yendi kafin su isa kasuwar goro ta Salaga, ƙasar nan ta arewacin Gana ta san masifun da ba a san maganinsu ba, kamar ciwon barci da sanƙarau da kurkunu, da kuma makantar da baƙin ƙuda yake sawa, wadda ta kori jama'a daga gonakin bakin kogi a yankin Bawku. Da Turawa suka kafa ayarin likitocin yawo, waɗanda daga baya helkwatarsu ta zauna a Kintampo, 'yan ƙasa ne, bayan an horar da su, suka riƙa taɓa wuyan mutane suna neman kaluluwa, suna duba jini a madubin likita, suna rubuta sunan kowa da ƙauyensa.

Ƙa'idar binciken magani, a ganina, ba ta da nisa da ta malaman hadisi, waɗanda ba su karɓar riwaya sai mai riwayar ya tara adalci da kiyayewa; domin likitan da ya wallafa sakamako bai ga dubban yaran da aka auna ba, shaidar mai jinya ce ya dogara a kanta. Wannan ya tabbata a Navrongo, yamma da Bawku, inda aka soma gwajin bitamin A a 1988, aikin da ya zama cibiyar bincike a 1992, aka kuma samu mutuwar yara ta ragu da kashi 19 cikin ɗari. Gwajin gidan sauro mai magani ya biyo baya, ya nuna ragin kashi 17. Amma mafi girman darasi ya zo daga 1994, lokacin da aka ɗauke masu jinya daga asibiti, aka ƙara musu horo, aka zaunar da su cikin ƙauyuka da yardar sarakuna da dattawa. Wannan hikimar ce gwamnati ta karɓa, ta mayar da ita tsarin kiwon lafiya a cikin ƙauyuka na ƙasa baki ɗaya, wanda ake kira CHPS.

A yau akwai makarantun jinya a Bawku, a Yendi, da kuma Kpembe kusa da Salaga. Ɗalibin da ya iya allura da ɗaurin rauni bai kammala ba tukuna, in dai zai shiga bincike, sai ya iya bayyana wa uwa da Hausa ko Dagbanci ko Kusasanci abin da za a yi wa ɗanta, da haƙƙinta na cewa a'a, sannan ya rubuta abin da ya gani ba ƙari ba ragi. Muna roƙon hukumomin makarantun nan uku su ba wannan fanni gurbi na musamman a cikin manhajarsu.